Kwamfutar da Na Ɗauko da Ranta

Tsawa ta faɗa wa faifan intanet da ke kan rufin shagonmu a Samaru, wata Juma'a cikin damina. Ta bi waya ta sauko ciki, ta ƙone akwatin da ke karɓo intanet, ta ƙone kwamfutoci duka in ban da guda ɗaya. Ba wanda ya mutu. Shagon ne ya mutu, ajin yara na ranar Asabar ya bi shi.

Sunana Haruna, ana ce min Mai Inji. Ban yi boko ba, ina faɗa ne ana rubutawa. Na yarda a rubuta ne saboda ku yaran yanzu. Kuna miƙa wa ƙaninku waya ku ce ga shi nan yana karatu a intanet, kamar ruwan famfo ne, ka murɗa ya zubo. A lokacinmu ɗebo shi ake yi. Ni ne mai ɗebowa.

Gyaran janareta na koya, a Sabon Gari, wurin Oga Sunday. Ibo ne haifaffen nan, Hausarsa ta fi tawa. Farkon zuwana bai bar ni na taɓa sufana ba. Wanke kayan inji nake yi da fetur a tsohon kwano, har fatar hannuna ta yi fari ta tsage. Da ya ga ban gudu ba, sai ya fara tada inji ya ce in juya masa baya.

"Me ke damunsa?"

"Oga, ai ban gani ba."

"Wa ya ce ka gani? Ido na mai sayen inji ne. Kai kunne za ka ci abinci da shi."

Haka na koyi tarin kafireta, da ƙarar fulogin da ya gaji, da kukan injin da baƙin mai ya yi masa kaɗan. Maganar da ya fi maimaita min ita ce inji ba ya mutuwa bai yi sallama ba, sai dai in mai shi kurma ne. Ranar da ya yaye ni ya ba ni sufana, filaya, sukundireba, testa, burushin goge fulogi da tsumma. Tsumman ya fi su duka yin aiki.

Lokacin da wayar hannu ta fara yawa a gari, shagunan intanet suka ɓullo a Samaru saboda ɗaliban jami'a. Kafe ake ce musu. Wani dattijo, Malam Isiyaku, ya yi ritaya ya buɗe nasa, ya zo Sabon Gari neman wanda zai zauna masa da inji. Oga Sunday ya ba da ni. Aikina ɗaya ne: kada wuta ta yanke. Ɗalibai na zuwa neman karatu, wasu aika wasiƙa, wasu neman budurwa a ƙasar da ba su san hanyarta ba. In abu ya ƙi buɗewa ni suke yi wa ihu.

"Mai Inji, netwok ɗinka ya mutu fa!"

"Ni wuta ce tawa. Ga wuta."

Ajin yara kuwa Anti Bose ce ta kawo shi. Malamar firamare ce, Bayarabiya, gidansu a Sabon Gari, tana koyarwa a Samaru. Ta zo aika wasiƙa ne ta gano akwai darussan yara a intanet, na haruffa da lissafi, da hotuna masu motsi suna magana. Ta sami Malam Isiyaku ta ce ya ba ta safiyar Asabar, tunda a lokacin ɗalibai barci suke yi.

"Yara, Malama? Ai sai su karya min kaya."

"Ranku ya daɗe, kujerar can da Malam Haruna ya ɗaure da waya, yaro ne ya karya ta?"

Ɗan aji huɗu na jami'a ne ya karya ta. Malam ya yi dariya ya yarda.

Asabar ta farko ba ta yi kyau ba. An jera yara, Anti ta danna darasi, wani shuɗin layi ya fara rarrafe a ƙasan allon kamar hawainiya. Ya kai rabi ya tsaya. Babban mutum zai iya zama ya zuba wa layi ido, yaro ba zai iya ba. Aka fara mintsini, aka koma dambe, wani ya yi fitsari a kujera. Har iyaye suka zo ɗaukar su ba a ga harafi ɗaya ba. Anti ta zauna a bakin ƙofa ta cire takalmi.

Ni na lura da wani abu tun kafin nan. In na zo shara bayan sallar asuba na kunna kwamfuta don gwada wuta, komai buɗewa yake yi nan take, don duk garin barci ake yi, hanya babu kowa. Kuma in darasi ya gama buɗewa, yana nan zaune ko da intanet ɗin ya tsaya, muddin ba a kashe kwamfutar ba. In aka kashe kuwa ya tafi, don Malam ya sa wani ɗalibi ya saka wa kwamfutocin wani abu da ke goge komai duk lokacin da aka kashe, saboda ƙazantar da ɗalibai ke kwasowa. Na gaya wa Anti.

"To ka buɗe min su tun asuba ka bar su."

"Kamar yadda mai koko ke jiƙa gero."

"Ka kira shi duk abin da ka ga dama, Malam Haruna, in dai zan zo in same shi."

Jiƙo muka riƙa ce masa. Tunda ban iya karatu ba, aka kira ɗalibin nan ya buɗe mata sau ɗaya, ta jera hotuna a fuskar kowace kwamfuta: kwaɗo, agwagwa, jirgi, balan-balan. Ranar Juma'a da yamma sai ta ce, "Gobe kwaɗo, jar ƙofa. Sai jirgi, koriyar ƙofa." Da asuba in bi su ɗaya bayan ɗaya in danna, in tsaya har kwaɗon ya yi tsalle ya yi magana. In ya yi, ya jiƙu. In wuce ta gaba.

Daga nan aikina na gaske yake farawa. Daga asuba har azahar kada wuta ta ƙifta ko sau ɗaya. Ranar Asabar ba na yarda da wutar gari, ko an kawo ta inji nake kunnawa, Malam yana ƙorafin mai ina yi kamar ban ji ba. Tankin injin ba ya kai azahar, kuma ba a zuba wa inji fetur yana aiki, in ba kana son a kwashe ka a faranti ba. Sai na samo rabin duro na kai aka yi masa walda, na rataye a bango, na ja tiyo zuwa kafireta. Kowace Juma'a in wanke fulogi, in tace mai da ƙyalle, in zauna kusa da shi ina saurare. Yara na ciki suna bin kwaɗo, ni ina waje ina bin tari.

Sauran aikin ƙanana ne, amma ba wanda ya gaya muku su. Kujerun manya sun yi wa yara tsawo, na je 'yan katako na haɗa musu abin taka ƙafa. Abin da ake juyawa da hannu, yara suka sa masa suna ɓera, a cikinsa akwai ɗan ƙwallo. Yaro ya ci ƙosai ya kama shi, ya daina tafiya. Sai in buɗe in kankare da tsinken ashana. Abin sawa a kunne bai ishe su ba, na yanke kowane biyu, yaro ɗaya kunnen dama, ɗaya kunnen hagu, wayar ta ɗaure su kamar awaki. In ɗaya ya tashi, ɗayan ya yi kuka.

Kuma kada wani ya ce muku akwati ne ke koyar da yaro. Turanci yake yi, da muryar Bature. Anti ce ke zagayawa tana mayar musu da Hausa, tana kama hannun wannan, tana goge hancin wancan. Ran da aka nuna musu dusar ƙanƙara ta rufe gida, yara suka rantse garin rogo ne ya zube. Ta sha fama kafin su bar maganar.

Iyaye ma sai da aka sha fama da su. Wani mahauci daga kasuwar Samaru ya shigo da wuƙarsa a ƙugu ya ga ɗansa na kallon kwaɗo.

"Malama, kwaɗo na kawo shi kallo? Ai akwai su a bayan gidanmu, kyauta."

Anti ta ɗauko gwangwanin madara ta miƙa wa yaron. Ya sa yatsa ya karanta abin da ke jiki, yana tuntuɓe, amma ya kai ƙarshe. Mahauci ya fita. Da azahar ya aiko da tsire.

Ranar da aka fara kawo Ladi, a bayan keke aka kawo ta, an ɗaure ta da zane a ƙugun ubanta. Sunansa Tanko, manomi ne daga wani ƙauye a bayan Samaru, cikin Kiristocin da kakanninsu Maguzawa ne. Shi ke kawo wa gidan Malam Isiyaku masara da dankali. Yarinyar ta kai shekara tara ko goma. Shan inna ya cinye mata ƙafafu, da hannu take tafiya, tana sa silifa a tafin hannu. An taɓa kai ta makarantar ƙauyensu, yara suka riƙa bin ta suna kwaikwayon tafiyarta. Ba ta koma ba, kuma tun daga nan ba ta buɗe baki a gaban baƙo.

Tanko ya same ni a wajen inji.

"Mai Inji, an ce a nan akwai akwatin da ke koya wa yaro karatu babu duka."

"Akwai."

"Babu tsokana?"

"Akwatin ba ya tsokana. Yaran ban ɗaukar maka alkawari ba."

Anti ta zaunar da ita a lungu, kusa da ƙofar da nake fita wajen inji, fuskarta na kallon bango. Ita kaɗai aka ba abin kunne cikakke, ban yanke nata ba. Asabar ta farko ba ta taɓa komai ba. Ta biyu ta kama ɓera. Wata rana na shigo ɗaukar filaya na ji wata ƙaramar murya tana maimaita abin da kwaɗo ke faɗa. In ta kuskure sai ta danna ya sake, ta danna ya sake. Da ta ga inuwata ta yi shiru. Daga ranar na daina bin ta wannan ƙofa, ina zagayawa ta gaba.

Yarinyar kanta na ja sosai. Kafin ruwan farko ta wuce yaran da ta tarar. Anti ta je ta sami hedimastan wata makarantar coci a Palladan. Ya ce zai karɓe ta, amma akwai matsala. Aji ɗaya da aji biyu suna kan tudu a tsallaken kwalbati, sai an hau matakala. Aji uku ne a ƙasa, dab da gidan mai gadi, kuma matar mai gadin 'yar ƙauyensu Tanko ce, ta yarda ta riƙe yarinyar. Don haka ko ta shiga aji uku kai tsaye, ko babu. Hedimasta ya ce in an dawo daga dogon hutu a kawo ta, zai ba ta littafi ta karanta a gabansa da malamai.

A ɗaya gefen kuma akwai gwaggonta, mai sayar da wake a kasuwar Sabon Gari. Ta daɗe tana cewa a ba ta yarinyar ta zauna mata a ƙarƙashin rumfa tana tsince tsakuwa. Ba mugunta ba ce, ta ce gara nan da zaman ƙauye, ko ba komai za ta ci ta ƙoshi. Amma na san kasuwa. Wanda ya shiga ƙarƙashin rumfa yana yaro, a nan furfura ke samun sa. Tanko ya yanke magana: in makaranta ta karɓe ta, to. In ba ta karɓa ba, gwaggo ta ɗauka.

Ana cikin haka tsawar nan ta faɗo.

Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Malam Isiyaku ya aika Legas a kan sabon akwati, aka yi ta cewa yana hanya. Bai taɓa isowa ba. Kuɗin ritayarsa ne ya ƙone a ɗakin nan, bai da wani. Ɗalibai suka koma wasu shagunan tun washegari. Iyaye suka janye yaransu. Ni na koma bin gidaje da jakar kayan aiki, wata rana a samu, wata rana a sha ruwa a kwanta. Abin da ya tsira shi ne injina, da kwamfuta ɗaya da allonta, waɗanda na cire na ajiye a lungu don fankarta na ƙara.

Asabar ta zagayo na je ɗaukar tiyona. Na tarar da Tanko a ƙofar shago da kekensa, Ladi a baya. Ba wanda ya kai musu labari. Anti ma ta zo, da littafi da alli a jaka, ta ce ai ba a fasa karatu don akwati ya mutu. Ta shimfiɗa tabarma a baranda ta buɗe littafin. Kalmomin da Ladi ta sani ne sarai. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Anti ta lallaɓa, ta yi waƙa, ta yi fushi, ta sake lallaɓawa. Har rana ta take Ladi ba ta karanta ko kalma ɗaya ba. Da uban zai ɗaure ta a keke ne ta yi magana, ƙasa-ƙasa, shi ya faɗa mana.

"Ta ce kwaɗo ba ya dariya."

Na je na sami Oga Sunday na gaya masa. Ƙanin matarsa yana da kafe a Sabon Gari, a saman bene. Ya yarda in zo da asuba in haɗa kwamfutarmu da wayar intanet ɗinsa da allonsa, amma in fita kafin masu biya su zo. Kawo yarinyar can ba zai yiwu ba. Benen ba ya hawuwa gare ta, kuma Tanko da ƙyar yake barin gona ya iso Samaru, balle Sabon Gari. Ɗalibin da ya sa abin gogewa ya tafi bautar ƙasa da lambar sirrin cire shi a kansa. Saura hanya ɗaya: in yi jiƙo a Sabon Gari, in kai kwamfutar Samaru ba ta mutu ba.

"Da ranta?" in ji Oga Sunday. "Haruna, ka fara shan wani abu ne?"

"Batir nake so."

Ya zage ni, ya shiga ciki ya fito da tsohon batirin mota. Akwai wani ƙaramin akwati da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, yana kuka ƙit-ƙit in ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Muka cire ɗan batirinsa muka haɗa shi da na motar. Na sami kwalin talabijin na shimfiɗa soson katifa a ciki, na huda ramuka don iska. Allon na bar shi a Samaru, Malam ya ba ni mabuɗin shago. Acaɓa ba zai yi ba, girgiza za ta kashe ta. Sai bas, gidan gaba, kwali a cinya, batir a tsakanin ƙafafu.

Haka na riƙa yi duk Asabar. Ruwan batir ya cinye min wando har ya zama raga. 'Yan tasha suka san ni. Akwai wani direba, Ɗan Zabi ake ce masa, da kwandastansa mai baki kamar reza.

"Ga mai jego ya iso! Baba, yau ma ba a yi suna ba?"

"Ja ƙofar a hankali."

"Direba, ka bi rami da ladabi, jaririn Baba na barci."

In na isa in tada inji, in mayar da kwamfutar kan wutarsa, in haɗa allo, in fita. Ladi ta sa abin kunne. Anti ta zauna a bayanta, ba kusa sosai ba. Karatu ya ci gaba, daga kalma zuwa layi, daga layi zuwa shafi. Amma duk mun san inda gizo ke saƙa. Hedimasta ba kwaɗo ba ne. In ta je gabansa ta sunkuyar da kai, duk wahalar nan ta tafi a banza. Anti ta gwada cire mata abin kunne, ta gwada kiran matar mai shagon kusa ta zauna. Da an ƙaru da mutum ɗaya, baki ya rufe.

Asabar ta ƙarshe kafin a koma makaranta, an kwana ana ruwa. Na yi jiƙon wani dogon labarin agwagwa da Anti ta zaɓa, na shiga motar Ɗan Zabi. Muna isa Kwangila muka tarar tirela ta kwanta ta tare hanya. Motoci sun cushe, gaba ba hanya, baya ba hanya. Muka zauna. Rana ta fito ta yi zafi. Can sai na ji abin da nake tsoro, ƙit, daga cikin kwali. Jim kaɗan ya sake. Sallama ce yake yi.

"Baba, jaririnka ya farka," in ji kwandasta.

Na ƙara rungume kwalin. Wata mata mai kwandon tumatir a baya ta ce, "Wai bawan Allah, mene ne a kwalin nan da kullum kake rungume da shi?"

Ba na son dogon bayani, amma na yi. Na ce karatun wata yarinya ne gurguwa, jibi za a gwada ta a makaranta, in abin nan ya mutu na yau ya tafi, kuma babu wata Asabar. Ƙit-ƙit ɗin na ta ƙara sauri.

Ɗan Zabi ya juyo. "Wuta yake so?"

"Wuta."

"Irin ta mota?"

"Irinta."

"To tashi, batirina na ƙarƙashin kujerarka. Kai kuma mai bakin tsiya, ɗauko wayar da muke tada mota."

Ɗaga kujera da kwali a hannu ba wasa ba ne. Wani ɗalibi ya karɓi kwalin ya riƙe kamar ƙwai. Wayar ba ta da maƙali a gefe ɗaya, sai na danne ta a kan batir da yatsa. Ta yi tartsatsi ta ƙone ni, ban saki ba. Kukan ya tsaya. Matar tumatir ta ce alhamdu lillahi, wani a baya ya ce an gode wa Yesu.

Da aka ja tirelar gefe muka wuce. Yanzu kuma ba ni da halin sauka a bakin titi, don in na saki waya ta mutu. Ɗan Zabi bai tambayi kowa ba, ya saki titi ya shiga layinmu, cikin taɓo, har ƙofar shago. Ba fasinjan da ya yi ƙorafi. Anti ta riga ni, ta ratso a acaɓa. Kwandasta ya karɓe ni danne waya, yana ihu wai tana cizo, na ruga na tada inji na jawo wuta har cikin mota, sannan muka shigo da kwamfutar. Na haɗa allo. Labarin na nan, bai goge ba.

Ladi na lungunta, fuska a bango. Ta sa abin kunne ta fara. Ni na ɗauka mota za ta juya ta tafi. Ashe mutanen motar sun sauko. Mutum ya ɗauko kaya tun daga Kwangila, yana son ya ga mene ne. Suka taru a bakin ƙofa, direba, kwandasta, matar tumatir, ɗalibin, da wani tsoho mai carbi. Na ɗaga hannu in kore su, Anti ta girgiza min kai.

Yarinyar ba ta san suna nan ba. Ta karanta shafin farko da ƙarfi, don mai abin kunne ba ya jin ƙarfin muryarsa. Ta shiga na biyu. Da ta kai ƙarshe ta juyo neman Anti, sai ta ga ƙofa cike da mutane. Ta daskare. Hannunta ya tafi neman silifa.

Ba wanda ya yi dariya. Kwandastan ne ya fara magana, yana tsotsar yatsan da waya ta ƙone.

"Kai! Ƙanwata, duk ke kika karanta wannan? Ni fa na gama aji shida, wallahi ko sunan motarmu sai an karanta min."

"Shi ya sa kake rataye a ƙofa," in ji Ɗan Zabi.

Nan aka yi dariya, amma shi aka yi wa. Ladi ta dube shi, ta dubi sauran. Kafaɗarta ta ɗan sauko.

Matar tumatir ta matso ta tsuguna. "'Yata, ni ban ji farkon ba, ina can ina gyara kwando. Me ya sami agwagwar? Ki sake min, don Allah, kada in je kasuwa da abin a raina."

Anti ta sa hannu a hankali ta zare mata abin kunnen. Na ji injina a waje yana tafiya daidai, shi kaɗai ke ƙara. Yarinyar ta daɗe tana kallon allo. Sannan ta fara, layin farko da ƙyar ake ji. Matar ta ce, "To, sai me ya faru?" Ta ci gaba. Anti na mayarwa da Hausa, tsoho mai carbi na gyaɗa kai. Ta kai ƙarshe. Tanko yana tsaye a waje riƙe da kekensa, bai shigo ba, ya juya yana duba sarƙar keken da ba abin da ya same ta.

Ranar gwaji ban je ba, ina gyaran inji a unguwar Jama'a. Bayan kwana biyu Tanko ya same ni a shagon Oga Sunday da buhun sabuwar masara a bayan keke, a inda yake ɗaure ta.

"Sun karɓa. Lissafi ta yi rauni, ya ce za ta kamo."

"Ta yi magana?"

"Sai da aka ce ya isa."

Ya sauke buhun ya tafi. Oga Sunday ya ce rabi nasa ne, kuɗin batir. Na ba shi.

Shagon Samaru bai sake buɗewa ba. Malam Isiyaku ya sayar da injin, daga baya Allah ya yi masa rasuwa. Ajin Asabar bai dawo ba, sauran yaran ban san inda suka ƙare ba. Kwamfutar ta mutu da kanta kafin kaka, girgizar hanya ce ta ci ta. Anti Bose ta yi aure ta koma Ilori.

Ladi tana koyarwa yanzu a wata firamare a Palladan, tana zuwa a keke mai ƙafa uku. Da yamma tana haɗa darasi ta tura wa yaran ƙauyuka ta waya, da Hausa, da muryarta. Batiri da faifan hasken rana da ke gidanta ni na haɗa. In ya fara ƙit-ƙit sai ta kira ni ta ce, "Baba Mai Inji, jaririnka ya farka."

Ni ina nan Palladan, a kwantena ta bakin titi, ina gyaran janareta da kayan sola. Tabon wayar na nan a yatsana. Har yau ban iya karatu ba. Wuta na iya riƙewa, kuma ita nake riƙe da ita.